Mai Keken Tudu

Ni ne Hermógenes, mai keken tudu.
Shekara talatin da ɗaya ke nan a Valparaíso
ina ɗaga mutane daga bakin teku
zuwa unguwar da gidaje suka maƙale a jikin dutse
kamar wankin da aka shanya a igiya.

Kekuna biyu ne, wayar ƙarfe ɗaya.
Wannan ba ya hawa sai wancan ya sauka.
Iyakar abin da na sani a siyasa ke nan,
kuma ba a jarida na karanta ba,
hannuna ne ya koya.

Da kakar zaɓen magajin gari ta kama,
Eulogio Barraza ne ya fara zuwa,
mai rumbunan kaya a tashar jiragen ruwa.
Su takwas suka shigo, keken bakwai yake ɗauka.
Na ce ɗaya ya fita. Suka dubi juna,
aka fitar da yaron da ke riƙe masa jaka.
A tsakiyar hawa waya ta yi kukanta na kullum,
ya damƙi ƙarfen taga,
murmushin nan na fosta ya bar shi shi kaɗai.
Da muka isa ya ce zai sayo sabuwa daga Jamus.
Bai jira canji ba.
Turarensa ya kwana biyu a keken, maganarsa ba ta kwana ba ko ɗaya.

Ximena Quilodrán, malamar lissafi, ƙin shiga ta yi.
Ta hau matakala ɗari da sittin da ƙafa,
masu hoto na bin ta suna haki,
wai ta ga yadda talaka ke hawa.
Talaka kuwa yana cikin kekena, yana leƙenta ta taga.
Amma zan faɗi gaskiya:
ta san sunan duk wanda gobarar bara ta cinye wa gida,
ta tsaya a famfon kwana-kwanan da ya bushe a daren,
ta rubuta lambarsa a tafin hannu,
sannan ta roƙe ni ruwan sha.

Na uku tsohon masunci ne, Tránsito Olguín,
takararsa ta biyar, lasifikarsa ba batir.
Ya ƙirga mini kuɗin hawa tsaba-tsaba,
ya shafi wayar, ya sansana yatsa,
ya ce, "Ƙishirwa take ji.
Ko na ci, ba ni da kuɗin sabuwa,
amma maiko ba zai gagare ni ba."
Fasinjoji suka bushe da dariya.

Mai ci a yanzu kuwa, hotonsa kawai muka gani,
ruwan sama ya jeme masa ido ɗaya.

Ranar Lahadi na sa rigar coci.
Matata Noemí ta ce, "Kada ka zubar da ƙuri'arka a teku."
Na shiga bayan labule, na ja layi, na ninke takarda.
Wanda na zaɓa, ni da akwati muka sani.
Da dare ƙahon motoci ya cika gangare,
wani keke ya hau, wani ya sauka,
karnukan unguwa suka yi ta haushi har asuba.

Litinin, mai kifi tana naɗe ciniki
da fuskar Barraza.
Malama tana rediyo tana godiya, muryarta ta dushe.
Na ja birki, waya ta yi kuka
daidai inda ta saba.

Wajen ƙarfe goma sai ga tsoho Olguín,
mai ƙuri'a ɗari huɗu da goma sha biyu,
da gwangwanin maiko a ƙarƙashin hammata.
Bai ce komai ba, ya naɗe hannun riga.
Na tsayar da kekunan biyu a tsakiya,
ba na sama, ba na ƙasa,
na riƙe masa tsani, ya hau.